Kafin ka goge hoto a WordPress, bi sawunsa tukuna

Idan wurin ajiyar shafi ya cika, yawanci ma'ajiyar hotuna (Media Library) ake fara dosa. A zaɓi "Unattached", hotuna su fito rututu, sai a ɗauka duk shara ce. Alhali abin da alamar ke nufi kawai shi ne ba a ɗaura hoton ga wata maƙala ba. Tambarin shafi da hotunan da aka ɗora kai tsaye a ma'ajiya sukan faɗo cikin wannan jeri, kuma suna kan aiki. Shi ma wanda aka ɗaura wa maƙala, ƙila yana cikin wasu goma, domin WordPress maƙala ɗaya tak yake riƙewa.

Da abu biyu ake bin sawun hoto: lambarsa da sunansa. Lambar tana adireshin burauza idan ka buɗe hoton, misali item=482. Sunan ne mai wayo, saboda WordPress yana yanka ƙananan kwafi masu faɗin fiksel 150, 300, 768 da 1024. Tun daga WordPress 5.3 kuma, hoton da ya haura fiksel 2560 ana rage shi a liƙa masa -scaled. Ke nan abin da ke cikin maƙala yana iya zama kasuwa-1024x683.jpg, wanda neman kasuwa.jpg ba zai kamo ba. Cire wutsiyar, ka nemi tushen sunan.

A phpMyAdmin, manhajar duba rumbun bayanan shafi, fara da teburin maƙaloli (2024/05 a misalin foldar shekara da watan da aka ɗora hoton ce):

SELECT ID, post_title, post_type FROM wp_posts WHERE post_content LIKE '%2024/05/kasuwa%' OR post_content LIKE '%wp-image-482%';

Duba sakamakon da idonka, don 482 zai jawo har da 4820, layukan revision kuwa tsofaffin kwafin rubutu ne. Idan teburanka ba da wp_ suka fara ba, sauya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wp_postmeta, teburin ƙarin bayanan maƙaloli. Babban hoton maƙala ba ya cikin rubutu sam, lambarsa ce kawai ke ƙarƙashin _thumbnail_id. Elementor kuma, manhajar tsara fuskar shafi, yana ajiye nasa a _elementor_data, inda adireshi ke komawa 2024\/05\/kasuwa, don haka a nan sunan zalla za ka nema. Tambari da alamar shafi suna teburin wp_options. Tsohon salon jerin hotuna, gallery ids="482,490", shi ma lamba kaɗai yake ɗauka. Sai fayilolin CSS na jigon shafi, waɗanda ba sa cikin rumbun bayanai ko kaɗan.

Gogewa a ma'ajiya ba ta da komawa: asali da kwafinsa duk suna tafiya. Ana iya sa define('MEDIA_TRASH', true); a fayil ɗin wp-config.php don samun kwandon shara, amma kada wannan ya ruɗe ka. Fayil ɗin hoton yana nan a sabar, hoton zai ci gaba da fitowa a cikin maƙala, sai bayan kwana 30 da aka zubar da kwandon ɓarnar ta bayyana.

Gwajin da na fi yarda da shi: ɗauki kwafin shafin gaba ɗaya, kwashe fayilolin da kake zargi daga wp-content/uploads zuwa wata folda, share ma'ajiyar wucin gadi (cache) har da ta Cloudflare idan kana amfani da ita, sannan ka sa ido a rajistar sabar na mako biyu zuwa huɗu. Duk hoton da ya ba da kuskuren 404, wato an neme shi ba a same shi ba, akwai mai nemansa, ko da tsohuwar wasiƙar imel ce da ka aika wa masu karatu. Mayar da shi mazauninsa, sauran ka goge su daga ma'ajiya.