Ƙarfin Ja Daban, Ƙarfin Goyo Daban

Akori-kurar da nake hawa a nan jihar Kolorado tana iya jan tirela mai nauyin kusan tan shida, ta hau tudu da ita ko nishi ba ta yi. Amma abin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarje mata ta ɗauka a jikinta, har da ni direba da duk wanda ya shiga, tan ɗaya ne da 'yar ɗoriya. Saniyar da ke jan amalanke cike da buhunan gero, in ka aza mata rabinsu a gadon baya durƙushewa za ta yi. A kan wannan tazara muka daɗe muna kai ruwa rana da Maman Abba lokacin da muka tashi sayen ɗakin goyo.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗaki ne da Amurkawa ke ɗora wa akori-kura a bodi. Yana tsaye a kan ƙafafun jak huɗu, ka yi ribas a hankali ka cusa bodin a ƙarƙashinsa, a sauke shi, a ɗaure shi da ƙugiyoyi a kusurwa huɗu. A ciki akwai gado da ke zaune bisa kan direba, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, manyan har da banɗaki. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne mu je wuraren yawon buɗe ido irin su Mowab ko Yalositon da tukunyarmu da naman da muka yarda da yankansa, mu yi sallah a inda lokaci ya riske mu, ba tare da kuɗin otal ya cinye hutun ba.

Wanda uwargida ta gani ta ƙyasa babba ne, mai bango da ke zamewa waje a ƙara fili, ga banɗaki, ga tanda. Mai sayarwa ya leƙa motata ta taga, ya ga ajin 2500 ce, wato cikin manyan akori-kura masu ƙarfi, mai injin dizal, ya ce wannan ai ba za ta ma san an ɗora mata komai ba. Ban ce masa uffan ba, na dai ɗauki hoton farantin da ke manne kusa da ƙofar ɗakin na baya. Dokar tarayya ta tilasta wa masu ƙera waɗannan ɗakuna su rubuta nauyinsu a nan, tare da yawan ruwa da gas da aka lissafa a ciki. Lambar da ke takardar talla kilo 1,450 ce, ba ruwa ba gas ba batir. Da na haɗa ruwa lita 150, da tukwanen gas biyu, da batura, da na'urar sanyaya ɗaki da aka ƙara a rufi, da kayanmu, sai na ga an doshi kilo 1,900.

Lambobin mota kuwa suna jikin ginshiƙin ƙofar direba. Takardu biyu ne a wurin. Ta farko tana ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar baki ɗaya da duk abin da ke kanta, sannan GAWR sau biyu, iyakar aksil ɗin gaba da na baya. Tawa ta ce kilo 4,536 jimilla, 2,359 a gaba, 2,812 a baya. Takarda ta biyu mai ruwan ɗorawa ce, tana gaya maka iskar taya da kuma nauyin da mutane da kaya a haɗe ba za su wuce ba. Wannan takarda ta samo asali daga dokar da majalisar Amurka ta yi a 2000, bayan tayoyin Firestone sun riƙa fashewa a motocin Ford Explorer mutane na mutuwa. Tawa ta ce kilo 1,010.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne maƙwabcina mai irin motata sak, shekara ɗaya, a ido launi ne kawai ya bambanta, takardarsa ta fi tawa da kilo ɗari uku da wani abu. Tasa ta fetur ce. Injin dizal da kayan da ke biye da shi sun fi nauyi sosai, kuma kowane kilo da aka ƙara wa mota daga masana'anta, daga cikin rabonka na ɗaukar kaya aka cire shi. Haka giyar ƙafa huɗu, haka kujerun fata masu lantarki, haka rufin gilashi. Shi ya sa lambar da ake tallatawa a talabijin ba ta kowa ba ce. Ta motar da ba ta da komai ce, mai ƙofa biyu, irin wadda kamfanonin gine-gine ke saya.

Ita ma takardar ƙofa ranar da motar ta bar masana'anta ta sani, ba ta san akwatin kayan aikin da na ɗaura ba, balle matakalan gefe. Wani dattijo ɗan Maraɗi da muke sallar Juma'a tare a garin Orora, tsohon direban tirela ne da ya zaga ƙasar nan lungu-lungu, shi ya ce mini, "Kai ɗan nan, bar lissafin takarda. Cika tanki, kwashi iyalinka, ka je ka hau sikeli." Na ce, "Baba, ai na manyan motoci ne." Ya ce, "Sikeli bai san babba da yaro ba, kuɗinka kawai zai karɓa."

Sikelin CAT yana kusan kowace babbar tashar tireloli a Amurka, kamfanin ya faro ne a 1977, hedikwatarsa tana garin Walkot na jihar Ayowa. Faranti uku ne a jere a ƙasa. Ka tsayar da tayoyin gaba a na farko, na baya a na biyu, ka danna maɓalli ka yi magana da mai kanti, ko ka biya ta waya. Bai kai dala 20 ba. Maɓallin don direban tirela aka kafa shi, sai da na fito na yi ɗage kafin hannuna ya kai. Takardar da aka ba ni da awon laba ta zo, na mayar da ita kilo: gaba 2,210, baya 1,600, jimilla 3,810, da ni da uwargida da yara biyu da cikakken tanki. Abin da ya rage mini kafin in taɓa iyaka kilo 726 ne.

A nan ne maganar ta rabu biyu, kuma har yau masu irin waɗannan ɗakuna ba su daidaita a kanta ba. In ka dubi aksil ɗin baya shi kaɗai, akwai sauran fiye da kilo 1,200 kafin ya cika. Tayoyina masu lamba 121 ne, kowace tana ɗaukar kilo 1,450 in an ba ta iska 80 a awon psi, biyu kenan 2,900. Wasu sukan ce waccan 4,536 ba ƙarfin ƙarfe ba ce, laba 10,000 ce cif, iyakar da gwamnati ta shata tsakanin aji na biyu da na uku na motocin kaya, kamfanoni kuma na tsayar da ajin 2500 a kanta don sha'anin rajista da dokoki. Saboda haka su aksil da taya suke bi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, don lamba mai sifiri huɗu ba ta yi kama da sakamakon gwaji ba. Sai dai ni ba injiniya ba ne. Ba ni da hanyar sanin ko birkina da shasi da sifirin an gwada su a kan abin da ya wuce wannan lamba, kuma ranar da wani abu ya faru a hanya, takardar ƙofa ɗan sanda da kamfanin inshora za su karanta, ba hujjojina ba. Na zaɓi in bi mafi ƙanƙanta a cikin lambobin.

Ko da ma na bi ra'ayin masu aksil, ɗakin da uwargida ke so ya zarce da kusan kilo 700. Mai sayarwa ya ce a sa balan-balan na iska a sifirin ɗin baya, motar za ta miƙe. Za ta miƙe ɗin, gindinta ya daina zama, fitilu su daina haska sama. Amma balan-balan bai ƙara wa taya komai ba, bai ƙara wa birki ba, bai canza harafi ɗaya a takardar ƙofa ba. Ya dai ɓoye alamar da ido ke gani. Mu da muka tashi muna ganin akori-kura ta taso daga kasuwar Dawanau gindi na shafar kwalta, mun saba auna lodi da ido: in ta tashi, to ta ɗauka. Motocin nan injinsu ya fi ƙarfin wannan awo, duk abin da ka aza musu za su tashi da shi, har su yi gudun kilomita 120. Matsalar sai an zo tsayawa.

Irin wancan ɗaki na ajin 3500 ne mai tayoyi huɗu a baya, wadda iyakarta ke kai laba 14,000. Na duba farashi, na rufe kwamfuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

"Baban Abba, wato banɗakin nawa ya tafi kenan?" in ji ta.

"Ya tafi, sai dai in ke za ki sauka ki bi mu a ƙafa."

Ba ta yi dariya ba a ranar.

Muka koma kan ƙaramin ɗaki na alminiyam mai rufin da ake ɗagawa in an yada zango, a sauke shi in za a tafi. Takardar talla ta ce kilo 480. Da aka ƙara hita da farantin sola da rumfar gefe ya zama 530. Na cire murfin bodi na baya na jingine a gareji, na samu rarar kilo 30, amma ƙarafan ɗauri da shimfiɗar roba suka ci 45. Batir na zaɓi na litiyam mai kilo 14, don na dalma mai irin aikinsa ya ninka shi nauyi. Tukunyar gas cike kilo 17 ce. Ƙafafun jak kwance su nake yi in bar su a gida.

Ruwa shi ne abin da ya fi ba mu ciwon kai. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba ragi, tankin kuma lita 76 ne. Bature da matarsa na iya kwana uku da wannan. Gidan da mutum huɗu ke alwala sau biyar, ga buta, ga wankin shinkafa da tukwane, kwana biyu da ƙyar. Kana son ka cika shi maƙil, sikeli kuma yana cewa a'a. Da muka loda komai muka koma muka hau, ya nuna 4,572, mun wuce da kilo 36. A nan gefen tashar na buɗe famfo na zubar da ruwa har ya rage lita 30. A gida muka sauke murhun gashi na baƙin ƙarfe, aka raba buhun shinkafa biyu. Awo na gaba ya ba da 4,506: gaba 2,235, baya 2,271. Yanzu da ruwa kaɗan muke tashi, mu cika a famfon sansani ko gidan mai na ƙarshe kafin mu shiga daji, inda tafiyar a hankali ce.

Lambar gaba ita na fi zuba wa ido a wannan takarda. Ta ƙaru da kilo 25, ba ta ragu ba, alamar tsakiyar nauyin ɗakin ta zauna gaban aksil ɗin baya kaɗan. Masu ƙera ɗaki kan sa alama a jikinsa su nuna wannan wuri, littafin motar kuma yana nuna yankin da ya kamata ya faɗa. In ya koma bayan aksil, sai ɗakin ya ɗaga gaban motar, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, tayoyin da ke yin mafi yawan aikin birki su rasa riƙo. Wannan ne ya sa nake tura abubuwa masu nauyi can ƙuryar gaba a ƙasa, kuma na ƙi sa marataya ta kekuna a bamban baya duk da magiyar Abba.

Gwajin gaske a babbar hanyar I-70 yake, yamma da Denba, babban birnin jihar. Kana fitowa daga ramin Aizinhawa, inda hanya ta huda dutse ta wuce, wanda ke kan tsayin mita 3,400, sai gangare mai kashi 7 cikin 100 ya karɓe ka har garin Silbaton, tafiyar fiye da kilomita 10. A gefen dama akwai hanyoyin tsakuwa da suka hau jikin dutse, an tanade su don tirelar da birkinta ya ƙone. Da rani kana jin ƙaurin birkin mutane ta taga. Na sauke giya tun daga bakin ramin, na kunna birkin salansa da ke sa inji ya riƙe mota, wanda shi ne ladan nauyin injin dizal, ƙafata kuma sai jefi-jefi take taɓa birki. A kwana motar tana ɗan kwantawa fiye da da, amma tana dawowa nan take. A jihar Wayomin, inda iska kan sa a rufe I-80 da I-25 ga dogayen motoci marasa nauyi, gajartar rufin nan ta yi mini rana ita ma. Kowace safiya kafin mu motsa nakan auna iskar tayoyin baya suna sanyi, don 1,450 ɗin nan da cikakkiyar iska aka yi alkawarinta, taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi zafi take ɗauka har ta tarwatse.

Rarar kilo 30 ba ta daɗewa a gidan da yara ke girma. Abba kaɗai ya ci kusan rabinta tun daga lokacin, dole akwatin kayan aiki ya ragu zuwa jaka ɗaya. Bana ƙanin uwargida ya zo mana hutu daga Kaduna, ƙato ne mai kilo 90, ya ga kujera ɗaya babu kowa a baya ya ce shi ma za shi Mowab. Na ce masa kujera akwai, kilo ne babu. Ya ɗauka wasa nake yi, har sai da yayarsa ta miƙa masa makullin ƙaramar motarta. Shi ya biyo mu a baya, muka kuwa loda masa jarkokin ruwa da murhun gashi da sauran rabin buhun shinkafar.