Matar nan ta zamiyar ƙanƙara

Yau da yamma ina zaune a shago ba ciniki, sai bidiyon Mikaela Shiffrin ya faɗo min a waya, 'yar Amurkan nan mai tseren zamiya daga kan tsauni. Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ido da ido ba wallahi na kasa wucewa. A Nuwamban 2024 a Killington ta Amurka ita ce kan gaba bayan zagayen farko, saura ƙiris ta cika nasara ta 100 a gasar kofin duniya, kawai ta ci da ƙasa ta gangara cikin raga, wani abu ya huda mata gefen ciki har sai da aka yi mata tiyata. Wata biyu tana jinya, da ta dawo kuma ciwon jiki ya lafa amma firgici bai sake ta ba, da bakinta ta faɗa, har ta janye daga wani tsere saboda shi.

Abin da ya tsaya min shi ne ranar 23 ga Fabrairun 2025 a Sestriere ta Italiya. A tseren da aka yi kwana ɗaya kafin nan ko zagaye na biyu ba ta samu shiga ba, washegari ta lashe na 100 ɗin. Da ta tsallake layi ba ihu ba tsalle, allo ta tsaya kallo kamar ba ta yarda ba, sannan ta kwanta a ƙasa, sai da aka zo aka ɗago ta. Ni dai gani na yi kamar gajiyarta ta fi murnar yawa.