Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rabin Littafin da Aka Hana Ni Koyarwa

A makon jiya na tsaya a kan komawata Damagaram da aikin koyarwa, kuma a can ne na haɗu da shugaban makarantar da har yau maganarsa take ci mini rai. Cikin littattafan da nake karantar da ɗalibai akwai Les Misérables na Victor Hugo, wanda ya fito a 1862. Shugaban ya kira ni ofishinsa, ya ce, "Mushe, ka tsaya ga labarin wanda ya saci burodi, Faransanci aka aiko mu koyarwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai tawayen da ke cikinsa tarihi ne." Bai ko ɗago kai daga takardunsa ba. Zamanin sojoji ne, kowa yana tsoron inuwarsa.

Tawayen kuwa ya faru a Paris ranakun 5 da 6 ga Yunin 1832. A shekarar ce kwalara ta kashe kusan mutum 18,000 a birnin, har da Janar Lamarque, wanda talakawa suke ganin nasu ne, kuma a ranar jana'izarsa ƴan jamhuriya, ɗalibai da leburori, suka tono duwatsun titi suka tare hanyoyi. Fushinsu yana da tushe, domin su ne suka zubar da jini a 1830 aka kori Sarki Charles na 10, sai manya suka ɗora Louis-Philippe, aka canza sarki aka bar sarauta. Cikin kwana biyu sojoji suka murƙushe su.

Da na kai kuka wurin Kawu, abin da ya ce shi ne, "Ɗana, sarki goma zamani goma." Haka ya ce mini ranar da aka raba gonar kakanmu, haka ya sake cewa bayan shekaru da aka tsallake ni a ƙarin girma. Ina girmama shi, Allah ya jiƙansa, amma ban taɓa karɓar wannan haƙurin ba.

Shi kansa Hugo da son sarauta ya fara, har Louis-Philippe ya ba shi kujera a majalisar manya a 1845. Amma da shugaban ƙasa Louis-Napoléon ya yi juyin mulki ranar 2 ga Disamban 1851 ya rushe jamhuriya, sai Hugo ya bar ƙasar, ya ƙarasa littafin a tsibirin Guernsey, ya ƙi afuwar 1859, bai koma gida ba sai a Satumban 1870, bayan faɗuwar daular da Louis-Napoléon ya kafa. Wannan mutumin bai zauna jiran zamani ya juya da kansa ba, kuma da Kawu yana raye da na faɗa masa haka.

Na ci gaba da koyar da wannan rabin a zauren gidanmu bayan sallar isha'i, da fitilar ƙwai, kwafi ɗaya mai yagaggen bango yana yawo hannu zuwa hannu. Ba a cika shekara ba takardar canjin wurin aiki ta iso, kuma na san hannun wanda ya rubuta ta. Yadda Inna ta karɓi labarin tafiyata garin Tawa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.