Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdulillahi, an sallami mahaifinmu daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya dawo gida Tudun Wada, jiki kuma da sauƙi sosai. A madadin Hajiyarmu, yayyena da ƙannena, muna miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki. Allah ya bar zumunci.

Da yawa kun kira kuna tambayar me ya same shi. Baba da kansa ya ce a faɗa, kada a ɓoye: ciwon dajin babban hanji ne, an kuma yi tiyata an cire inda ƙarin yake.

Da kumburin ciki abin ya faro, ga yawan gyatsa, ga kuma, ku gafarce ni, yawan fitar iska. Kowa ya zo gaisuwa sai ya zama likita. Wannan ya ce basir, wancan ya ce olsa, wani ya ce a daina ba shi wake. An sha kanwa, an sha jiƙo kala-kala, an sha na kemis. Ana cikin haka rigunansa suka fara yi masa yawa, yau ciki ya ɗaure gobe gudawa, wani lokaci har da jini. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ga ciki fari fat, ta ce wa Hajiya, “Yaya, dattijo ba ya rasa jini haka kawai. Ku tafi Shika.” Anti, ke ce farkon wadda za mu gode wa bayan Allah.

Bayanin da likita ya yi mana ya kamata kowa ya ji. Ya ce iskar ciki ba ta haifar da daji, kuma yawancin masu fama da ita lafiyarsu ƙalau. Tana samuwa ne daga iskar da muke haɗiyewa wajen ci da sha, da kuma aikin ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji a kan irin su wake, alala, madara, kabeji da albasa. Sai dai idan ƙari ya girma ya tsuke hanji, iska da bahaya kan taru a bayansa, kamar kwatar da ta toshe da damina. Don haka ba iskar kaɗai ake dubawa ba, abokan tafiyarta ake kallo: jini a bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, canjin yadda mutum ke kewayawa na tsawon makonni, da ciwon cikin da ya ƙi tafiya. Ni dai a ganina kalmar basir ta ɓoye cututtuka da yawa a ƙasar Hausa, har da masu kisa.

Gwajin da ya tona asirin shi ne kolonoskofi, inda ake zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura a leƙa hanjin. Daren da za a yi, Baba ya sha ruwan wankin ciki, ya kwana yana sintiri da buta, yana cewa ko aikin Hajji bai ba shi wannan wahalar ba. Ciwon kan fara ne da ɗan tsiro wanda kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe, kuma idan an gan shi da wuri a wajen gwajin ake tsinke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji. A Amurka, a 2021, an sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Mu kuma 'ya'yansa an ce mu fara tun muna 40, tunda an samu a gida. Babban yayanmu har ya karɓi rana.

Likitocin tiyata da ma'aikatan jinya, Allah ya saka muku da Aljanna. Matasan unguwa da kuka yi layi don ba da jini, wasunku ko sunanku ba mu sani ba. Abokan Baba na kasuwar Sabon Gari da kuka haɗa gudummawa ba tare da an roƙa ba, jama'ar masallacinmu da kuka dage da addu'a, Kawu da ya baro gonarsa a Giwa, mun gode. Goggo kuwa tabarmarta ta shimfiɗa a baranda, sauro ya yi ta cizo, aka yi aka yi ta koma gida ta ƙi. Akwai kuma mai adaidaitan da ke kai mana kunu daga Tudun Wada har Shika, sau da dama ya ƙi karɓar ko sisi.

Da sauran tafiya, domin zai fara karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, idan ɗinkin ya warke, muna roƙon a ci gaba da sa shi a addu'a. Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe yana hutawa. Don Allah kuma kada a taho da jiƙo, likita ya hana.