Garin ƙarfen da ke shan haidurojin, sana'ar da muka riƙe

Kwanaki wani kwastoma ya kira ni da sassafe ransa a ɓace, wai tankin gas ɗin haidurojin da muka haɗa masa yana yoyo, ya taɓa jikinsa ya ji ruwa ga sanyi kamar ƙanƙara. Na ce ranka ya daɗe kwantar da hankalinka, ba yoyo ba ne, zufa ce. Garin da ke cikin tankin idan zai saki haidurojin sai ya zuƙi zafi daga jikin ƙarfen, shi ya sa tankin ke yin sanyi har raɓa ta kwanta masa, idan kuma ana cika shi sai ya yi zafi har hannu ya kasa daɗewa a kai. Duk sana'ar tamu a wannan zafi da sanyin take.

Mu abin da muke haɗawa tanki ne da ake cika shi da garin wani haɗin ƙarfe, metal haidarayid kenan, sai a haɗa shi da fuwel sel, wato na'urar da ke haɗa haidurojin da iskar oksijin ta fitar da wuta, abin da ke fita ta baya ruwa ne kawai da ɗumi. Haidurojin ɗin shiga yake ya zauna a cikin jikin ƙarfen, don haka ba ma buƙatar matsin bar 700 (bar ma'aunin matsin gas ne) irin na motar Toyota Mirai, namu ƙasa da bar 40 ma yana aiki. Abin ba sabo ba ne, tun 1866 Thomas Graham ya gano ƙarfen faladiyam na shanye haidurojin ninki ɗaruruwa na girmansa, wajen 1970 masu bincike na Philips a Holan suka fito da haɗin lantanam da nikel, LaNi5, sannan Reilly da Wiswall a cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka suka fito da na titaniyam da baƙin ƙarfe a 1974. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus samfurin 212A ma da irin wannan tankin suke ciyar da fuwel sel ɗinsu.

Ranar da na fara ganin garin nan a hannun ogana ba zan manta ba. Ya ba ni wani ƙaramin tanki da aka riga aka tayar da garinsa, wato an sa shi ya fara shan haidurojin, ya ce in ajiye, ni kuwa da rawar kai na kwance murfin in leƙa, iska na shiga garin ya fara ɗaukar zafi yana tartsatsi. Oga bai ɗaga murya ba, ya ture ni gefe ya zuba yashi, sannan ya ce kai yaro, wannan garin da ransa, in ka buɗe shi a iska ka kashe shi ko shi ya ƙona ka. Daga ranar sai a cikin akwatin safar hannu mai iskar agon, wadda ba ta kama wuta, nake taɓa shi. Shi ya koya min tayar da garin titaniyam, aikin da ke buƙatar haƙuri, a zuƙe iska, a gasa shi kusan digiri 400, a ba shi haidurojin, a sake zuƙewa, a maimaita har sai allurar gejin matsi ta fara sauka da kanta, a lokacin ka san ya farka ya fara sha. Wallahi har yau in na ga allurar nan ta fara sauka sai na ji daɗi.

To ga inda raina ke ɓaci. Garin LaNi5 idan ya sha haidurojin kumbura yake yi kusan kashi 25 cikin ɗari, yana sha yana saki yana farfashewa har ya koma laushi kamar toka. Mu muna bar masa fili, mu raba cikin tankin gida-gida da faranti na alminiyam don zafi ya zagaya kuma kada garin ya taru a gindi, mu sa mataci mai kyau a bakin bawul. Masu kwaikwayo kuwa cusa garin suke yi dam don su rubuta babbar lamba a jiki, bayan 'yan watanni gindin tankin ya kumbura, garin ya toshe bawul, sai a kwaso mana wai mu duba. An kawo min ɗaya da na yanka na tarar ko mataci babu! Su kuma masu kawo kaya nasu daban ne, akwai wanda ya aiko min da gas da takardar cewa tsarkinsa kashi 99.999 cikin ɗari ne, cikawa uku garin ya daina sha, ashe da laima a ciki. Laima da oksijin da kabon monoksayid guba ne ga garin nan, yanzu ko wa ya kawo sai na gwada da kaina.

Mai ciniki kuma kullum maganarsa nauyi, ya ɗaga ya kasa ya ce a rage masa tunda batirin litiyam ya fi sauƙin ɗauka. Gaskiyarsa ce, ba na musu, kilo 100 na LaNi5 bai riƙe fiye da kilo 1.4 na haidurojin ba, magniziyam na riƙe kashi 7.6 cikin ɗari amma sai an kai shi wajen digiri 300 kafin ya saki. Shi ya sa ba na sayar wa mai son sa wa a mota. Amma na ajiye wuri ɗaya, a cika da haidurojin da aka samar da rarar wutar sola a rufe bawul a dawo bayan wata shida a tarar da shi yadda aka bar shi, nan ne wurinmu.

Akwai kuma irin wanda kamfanin Stanford Ovshinsky, wani Ba'amurke mai ƙirƙira, ya yi aiki a kai, inda ake sa haidarayid ɗin a cikin fuwel sel ɗin kanta, maimakon ƙarfen filatinam da aka saba sawa, ta riƙe haidurojin a jikinta ta tashi nan take kamar batir. Wannan har yanzu a teburin gwaji nake wasa da shi, ban fara sayarwa ba.

Shi kuwa mai tankin zufa, da na je na tarar yaransa sun matsar da tankin nesa da fuwel sel don su share wurin, ɗumin da ya kamata ya riƙa bugunsa yana tafiya a banza, matsi ya faɗi. Muka mayar da shi gaban fankar fuwel sel ɗin, minti goma allura ta hau.