Aikin dare a Yanbu, Saudiyya

Sai masu walda sun tashi muke fara namu aikin, wato ɗaukar hoton walda don gano tsaga. Mu ɗaura fim a jikin bututun mai, mu ja baya, a murɗa wayar da ke turo iridiyam-192, wani sinadari mai fitar da haske mai haɗari, daga tukunyarsa. Bai kai ƙwayar wake ba, amma haskensa, wanda ido ba ya gani, ratsa ƙarfe yake, duk tsagar da ta ɓuya cikin walda sai ta fito a fim. Duk kwana 74 ƙarfinsa na raguwa da rabi, shi ya sa wanda ya tsufa ke cinye mana dare kafin hoto ya fito.

Gwaggona a Makka an ba ta ayodin-131, shi ma mai fitar da irin wannan haske, saboda maƙoƙo. Ta ce, "Kai ɗan nan, abin da kake gudu ni haɗiye shi na yi!"