Talata, rigimar takardar ECG

Ban gama karin kumallo ba Sista ta kira, wai na'urar gwajin zuciya, wato ECG, tana fitar da takarda da fararen layuka, ga mutane a kan benci suna jira. Hazo ya rufe gari yau, da ƙyar ake hango gadar Ƙofar Nassarawa daga cikin adaidaita sahu, saboda haka tun a hanya na zargi ƙura.

Firintar wannan na'ura ba ta shan tawada. Kanta yana ɗauke da jerin ƙananan ɗigo masu yin zafi, ita kuma takardar an shafe fuskarta ɗaya da sinadarin da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi, don haka duk inda datti ya tare, farin layi ne zai bi tsawon takardar. Na kashe na'urar, na bar kan ya huce, na goge shi da auduga da sifirit, na haɗa da robar da ke jan takarda. Layukan suka ɓace in ban da ɗaya, alamar ɗigon wurin ya ƙone, sai dai a sauya kan.

Abin da ya tsaya mini a rai ya zo ne bayan azahar. Takarda ta kusa ƙarewa, sai ga Malam mai sito da kwalin takardar POS, yana murmushi. Ya ce, "Injiniya, faɗinsu ɗaya, milimita 80, kuma na karce ta da farce kamar yadda ka nuna mini, ta yi baƙi." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, baƙi kam za ta yi, amma ina gidajen?" Na yi masa bayani cewa takardar ECG tana zuwa ne da zanen ƙananan gidaje a kanta, tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa ɗaya, kowane ƙaramin gida na milimita 1 yana nufin daƙiƙa 0.04, a tsaye kuma milimita 10 ke nuna milibolt 1 na ƙarfin lantarkin zuciya, kuma da waɗannan gidaje ne Dakta yake auna tazarar bugun zuciya. Ya dube ni ya ce, "To shi Dakta ba shi da rula ne?"

Na yi dariya a lokacin, amma tun da na dawo gida maganar take damuna. Malam ba mugunta yake nufi ba. Shi ake tsarewa a kan lissafi a ƙarshen wata, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Sai dai takardar rasit takan koɗe cikin 'yan watanni, balle a ɗakin ajiyar kati idan zafin Afrilu ya haura digiri 40. Mai ciwon zuciya zai dawo baɗi, a buɗe fayil don a kwatanta sabon gwaji da tsohon, a tarar da farar takarda, kuma babu wanda zai tuna cewa a sito aka yanke wannan hukunci.

An miƙa kwalin ga mai karɓar kuɗi. Malam bai amsa sallamata da fara'a ba da zan fita. Takardar neman sabon kan firinta tana teburin Dakta, bai sa hannu ba tukuna.